Ƙoƙi-ƙoƙin Baffa da Siririn Mazari

Shekarun baya, tun Nasara ba su shigo Damagaram ba, ina saurayi gemu bai gama fito mini ba, gidanmu ya tashi daga wani ƙauye kusa da Dungas zuwa sabon daji ta wajen Yekuwa. Gonakinmu na can sun gaji, gero sai ya kai gwiwa ya tsaya, bakunan ci kuma sun yi yawa. Gida bakwai muka taso bayan an gama girbi, da jakuna da awaki da hatsin shekara. Mahaifina ya riga ya rasu, saboda haka yayansa, wanda muke ce wa Baffa, shi ne babbanmu. Abin da ya faɗa shi ke nan.

Wurin ya yi kyau, ƙasa sabuwa, itace ko'ina. Abu ɗaya ne babu, rijiya. Akwai wani tafki da mata ke zuwa ɗiba, su fita da sassafe su dawo da hantsi, shi ma kullum janyewa yake yi. Kowa ya san abin da ke gabanmu. In tafkin nan ya ƙafe ba mu sami ruwa ba, sai mu ɗaure kaya mu koma inda muka fito, mu bar saran da muka yi, mu shiga gari da kunya bayan mun bi gida gida mun yi ban kwana.

Ranar da Baffa ya fara sara kusa da wani babban gawo, ya ajiye gatari zai huta, sai ga ƙoƙi-ƙoƙi koriya shar ta sauka a kan ƙotar gatarin. Ta ɗaga hannuwanta biyu ta haɗa su kamar mai addu'a, ta juyo da kai ta dube shi. Baffa ya daɗe yana kallonta. Sai ya ce, “Kun gani? Baiwar Allah ta yi mana addu'a a nan. Nan za a haƙa.” Wurin shimfiɗaɗɗe ne, ga shi daf da inda aka kafa bukkoki, babu wanda ya ga abin musu. Aka ɗauko dagi da igiya da kwanduna, aka shiga haƙa.

Ni kuwa a lokacin, kuma har yau ban warke sarai ba, mutum ne mai yawan waswasi. Na ɗan yi karatun allo, ban yi nisa ba, amma ɗan abin da na sani ya ishe ni hana kaina sakat. In na ɗaure akuya sai na koma sau uku na duba igiya. In na yi alwala na kai ƙafa, sai zuciyata ta ce, anya ka wanke gwiwar hannu? Sai in sake daga farko. A garinmu na da wannan abin dariya ne kawai, har ana ce mini mai alwala bakwai. Amma a wurin da mata ke ɗauko ruwa daga nesa a ka, ya zama abin kunya. Buta ɗaya mahaifiyata ke cika mini, in ƙarar da ita kafin azahar, samari na kallo suna ƙyafta wa juna ido.

Don haka na nemi maɓoya. Yamma da bukkoki akwai wani kurmi mai sarƙaƙiya da goriba, daga waje ba ka ganin komai sai ƙaya. Mutane na kauce masa, ana cewa macizai sun yi gida a ciki. Ni ma ina tsoron maciji ƙwarai, amma na fi tsoron dariya. Na rarrafa ta wata kafa da butata, sai na tarar ashe cikin kurmin gangare ne, ƙasa ta yi ɗan kwari, ga ciyawa da sauran kore a jikinta alhali ko'ina ya bushe. Nan na riƙa zuwa ina alwalata sau nawa na ga dama.

A nan na gansu. Mu duka mazari muke ce musu, amma iri biyu ne. Akwai babban, mai ƙarfin tashi, wanda in ya sauka yake baje fikafikai, shi kam kana ganinsa har kan jigawa. Akwai kuma siririn, kamar tsinken tsintsiya da aka tsoma a shuni, idanunsa biyu a ware gefe da gefe, in ya sauka sai ya naɗe fikafikansa a baya kamar mai jin kunya. Ba shi da ƙarfi, iska kaɗan ke kwashe shi. Irin wannan siririn ne na gani, ba ɗaya ba, ba goma ba, sun jeru a kan ciyawa cikin inuwa.

Sai na tuna ina yaro ina kiwon awaki a bakin fadamar garinmu, ban taɓa ganin wannan siririn a nesa da ruwa ba. Na sha ganin ta macen tana tsoma wutsiya a gindin ciyawar ruwa, na sha ganin busasshiyar rigar da suke tuɓewa manne da kara a bakin tafki. Na sa hannu na fara tona yashi. Kafin in kai gwiwar hannu yashin ya yi sanyi, na damƙa sai ya dunƙule bai warware ba.

Wani zai tashi da gudu yana ihu. Ni zama na yi na rafka tagumi. A lokacin an yi kwana tara ana haƙa a gindin gawo, an wuce gaba huɗu, yashin da ke fitowa busasshe ƙamas. In na je na faɗa, na ce wa Baffa ya yi kuskure ke nan a gaban jama'a, ni ɗan ƙanensa da ya riƙa tun ina maraya. In na yi shiru, na ci amanar gida bakwai. In kuma na faɗa aka dawo nan aka haƙa babu ruwa fa? Wa zai ɗauki alhakin ƙarfin mutane? Kuma in aka tambaye ni me ya kai ni cikin kurmi, me zan ce? Kwana uku ina jujjuya wannan magana. Da safe in shiga rami in yi haƙa da sauran samari ina sane da abin da na sani, da azahar in rarrafa kurmi in sake tona yashi don in tabbatar ba mafarki na yi ba. Ramuka goma sha ɗaya na tona da hannu, duka da laima, amma ban daina shakka ba.

Rana ta uku da yamma mahaifiyata ta ajiye mini tuwo, ta ga ban taɓa ba.

Ta ce, “Kai ɗan nan, me ke cinka? Tuwo na kallonka kana kallonsa.”

Na ce babu komai. Ta ce ita ta haife ni, ba ni na haife ta ba. Sai na kwashe duka na faɗa mata, har da ramuka goma sha ɗaya.

Ta riƙe haɓa. “Kwana uku? Wuyana ya kusa karyewa da tulu, kai kana zaune a kan ruwa kana ƙirga ƙwari?”

“Inna, ban tabbata ba ne.”

“Kai ko sunanka aka tambaye ka sai ka ce bari ka duba.” Sannan ta ce, “Ni dai ba ni tsayawa gaban yayan mijina in ce masa ba haka ba. Ko sunansa ba na kamawa. Amma akwai mai iyawa. Tashi mu je wurin gwaggonka.”

Wannan da muke ce wa Gwaggo taubashiyar Baffa ce, 'yar ƙanwar mahaifinsa. Tsakanin taubasai kuwa babu fushi, duk abin da ɗaya ya gaya wa ɗaya wasa ne, ko da gaskiya ce mai ɗaci. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, mai daddawa, bakinta ya fi barkono. Ta saurare ni har na gama, ta yi dariya har da hawaye. Na roƙe ta don Allah kada ta ambaci sunana. Ta ce, “Haba mai alwala bakwai, bakina ƙanin ƙafata.” Na yarda da ita. Wautata ke nan.

Kashegari da rana ta take, mahaƙa sun fito suna hutawa a inuwar gawo, Baffa na zaune yana duban tsibin busasshen yashi, sai ga Gwaggo da 'yar ƙwarya an rufe da faifai.

Ta ce, “Sannunku da aikin rumbu. Yaushe za a fara zuba hatsi?”

Baffa ya ce, “Wane rumbu, uwar surutu?”

“Au, ba rumbun ƙasa ba ne? Na ga ya bushe da kyau, na ce ko na ajiyar gero ne.”

Samari suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Ta durƙusa gabansa ta buɗe faifai. Ƙoƙi-ƙoƙi ce a ciki, ta kamo ta a cikin harawa.

“Ga malamarka na kawo maka, sarkin ƙwari. Tambaye ta, ta taɓa ganin rijiya da idonta?”

Baffa bai yi fushi ba, ya ma gyara zama, don yana son irin wannan. Ya miƙa yatsa ƙoƙi-ƙoƙin ta hau. Ya ce, “Ke ba ki san girma ba. Duk ƙwarin dajin nan wa ke juyo da kai ya dube ka ido da ido kamar mutum in ba ita ba? Ba ta rawar kai, ba ta yawon banza. Ta tsaya wuri ɗaya ta haɗa hannu ta jira rabonta, rabon kuma ya zo ya same ta. Ga ta tana cinye mana fara a gona. Haƙuri ke nan, abin da Allah bai ba ki ba.”

Gwaggo ta ce, “Hannun da ta haɗa ɗin, duba cikinsa, ƙaya ce jere kamar lauje. Ba addu'a take ba, kwanton ɓauna take. Kuma ka san abin da take yi wa mijinta? Ta kai take fara cinsa. Wannan ce ka ɗauka ta zaɓa mana wurin zama? Ruwa kuwa ban da raɓa ba ta san komai ba. Ƙwanta ma a jikin busasshen kara take manna shi. Ka tambayi mai kwana kan tudu labarin ruwa, ka bar ɗan gidan ruwa.”

“Wane ne ɗan gidan ruwa?”

“Siririn mazari mana. A ruwa aka haife shi, a ruwa ya yi rarrafe, a ruwa zai kai 'ya'yansa.”

Baffa ya yi tsaki. “Wannan tsinken? Wanda in na yi atishawa sai ya kwana a Magarya? Ba nama, ba ƙashi, ba murya.”

“Shi ya sa ba ya nisa da gida! Mai ƙarfi shi ke yawo. Kuma shi ba ya rabuwa da matarsa, tare suke tashi, yana riƙe da ita har bakin ruwa. Kai yaushe rabonka da raka taka tafki?”

Nan kam dariya ta ƙwace wa kowa, har da Baffa. Da ta lafa ya ce, “To, naki ya fi. Ina yake? Tun da muka zo dajin nan ban ga ko ɗaya ba.”

Ina can baya na ɓuya a bayan wani mai faɗin kafaɗa. Sai na ga yatsar Gwaggo ta zagayo ta tsaya a kaina. “Ga wanda ya gansu.”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Baffa ya kira ni, na zo na durƙusa. Ya ce in faɗi abin da na gani.

Na ce, “Baffa, ni ban ce ƙoƙi-ƙoƙi ta yi ƙarya ba. Ita ma halittar Allah ce, kuma gaskiya ne tana cin fara, na gani. Maganar cin miji kuma sau ɗaya na taɓa gani, ban sani ba ko duka suke yi, kada in ɗauki alhakinsu. Mazarin kuma ban ce ya san ruwa ba, na dai ce ban taɓa ganinsa inda babu ba. Wataƙila akwai inda yake zuwa ban sani ba. Yashin kuma da laima, amma ta yiwu ruwan alwalata ne, ko da yake ramin ƙarshe na tona shi nesa da inda nake...”

Gwaggo ta ce, “Ya ilahi! Yaro, a ina?”

Na ce, “Cikin kurmin yamma.”

Wani ya tambaya me ya kai ni can. Kafin in buɗe baki wani ya ce, “Alwala ta takwas.” Aka sake fashewa.

Baffa bai yi dariya ba wannan karon. Ya dubi ramin da aka yi kwana goma sha biyu ana haƙa, ya dubi ƙoƙi-ƙoƙin da ke kan yatsarsa. Na san abin da ke ransa: in ya tashi ya bi ni, ya yarda a gaban 'ya'yansa cewa yaro ya fi shi gani. Can sai ya miƙe ya ce, “Mu je. Amma da ita za mu. Ba a yanke wa mutum hukunci ba ya nan.”

Haka muka ɗunguma, Baffa a gaba da ƙoƙi-ƙoƙi a yatsa, Gwaggo na biye tana yi masa kirarin tsiya, mata suka bar daka suka biyo mu. Samari suka sare sarƙaƙiya da adda aka buɗe hanya. Ni addu'ata ɗaya, Allah Ya sa mazarin nan ba su tashi ba. Suna nan kuwa, sun fi na kullum yawa, shuɗi shuɗi a kan ciyawa.

Baffa ya tsuguna a hankali ya sauke ƙoƙi-ƙoƙin a kan wani karan ciyawa. Ta tsaya. Ta fara lilo gaba da baya kamar ganye a iska. Wani siririn mazari, bawan Allah, ya taso ya sauka ɗan sama da ita ya naɗe fikafikansa. Ban ga lokacin da hannunta ya fita ba. Sai dai na ga mazari a cikin ƙaya tana ci.

Baffa ya yi tsalle kamar yaro. “Kin gani! Kin gani, uwar surutu! Wa ya fi wani yanzu? Ina ɗan gidan ruwan naki?”

Gwaggo ta ce, “Mugu dai mugu ne, ko a gidan suruki.”

Baffa na haki don daɗi, ya juyo ga jama'a ya ce, “Kwana goma sha biyu tana gindin gawo ba ta ci komai a gabana ba. Yau da ta zo nan ta ci. Inda ta karya, nan ta zaɓa. Ku kawo dagi.” Ya faɗa yana tura babbar yatsar ƙafarsa cikin ɗaya daga ramukana, yana jin sanyin yashin. Na gan shi, Gwaggo ma ta gan shi. Ta buɗe baki, sai ta rufe. Ranar ce kaɗai na ga bakinta ya zama ƙanin ƙafarta.

Kwana biyu aka yi ana haƙa, ana kafa itace a gefe don kada yashi ya rufta. Ni ban yi barcin kirki ba, ina ta ganin an kai gaba goma babu komai. Ba a cika gaba biyu ba, da hantsin rana ta uku, wanda ke cikin rami ya ɗago ƙafarsa sama muka ga taɓo har idon sawu. Mata suka rangaɗa guɗa. Mahaifiyata, wadda ban taɓa ganin ta yi rawa ba, ta kife tulu tana kiɗa a gindinsa. Wani tsoho ya zauna a ƙasa yana kuka yana dariya. Gwaggo ta ɗebi taɓo ta shafa wa Baffa a gemu, ya bi ta da gudu, tsofaffi biyu suna zagaya goriba.

Ana cikin haka sai wani sabon tsoro ya kama ni: in ruwan kanwa ne fa? A ƙasarmu akwai kwarin da ruwansa ba ya shayuwa. Aka jira ya kwanta, aka ɗebo a ƙwarya aka miƙa wa Baffa. Ya karɓa, ya duba, sai ya miƙo mini. Ya ce, “Kai fara. In da abin tsoro a ciki kai za ka riga kowa ji.” Na yi bisimilla na kurɓa. Na sake kurɓa don in tabbata. Na sake. Gwaggo ta ce, “Ku karɓe, zai yi bakwai!” Na ce, “Garɗi gare shi.” Aka sake guɗa.

Ba mu koma ba. A kan wannan ruwa aka yi gari, a kansa na yi aure, da shi aka wanke 'ya'yana ranar da aka haife su. Mutane suka sa wa rijiyar suna rijiyar ƙoƙi-ƙoƙi, har makiyaya masu wucewa haka suke kiranta. Wannan suna ya daɗe yana damuna, ina ganin an zalunci mazari, shi ya nuna, shi aka cinye, wata ta tafi da suna. Har na yi ta tunanin ko ina da alhakin wanda aka ci ɗin, tunda ni na kai masa baƙuwa.

Bayan kamar wata guda, ina taya Baffa tufkar igiyar guga, mu biyu kaɗai, bai ɗago kai ba ya ce, “Na san wanda ya nuna ruwa.” Na ci gaba da tufka. Ya ce, “Kwana nawa ka sani kafin ka faɗa?” Na ce uku. Ya ajiye igiya ya nuna mini tafin hannunsa, duk ya fashe da riƙon dagi. Ya ce, “Kwana ukun nan a hannuna suka ƙare. Gobe in ka ga wani abu, zo ka faɗa mini a kunne. Kunyar da za ta sa babba ya yi ta haƙa a tudu ba ladabi ba ce.”

Yanzu na tsufa, duk waɗanda na ambata sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Waswasi bai bar ni ba, amma tun daga ranar na gane cewa ido mai yawan dubawa ba aibi ba ne, in dai baki zai taimake shi. In aka tambaye ni wanne ya fi tsakanin ƙwarin nan biyu, ina cewa ɗaya ya san inda ruwa yake, ɗaya ta san yadda za a kai Baffa wurin ba tare da ya sunkuyar da kai ba, kuma da ɗaya kaɗai muka samu da mun koma Dungas. Sunan rijiya kuwa na bar wa ƙoƙi-ƙoƙi. Mazari bai taɓa kawo ƙara ba, ruwan kuma har yau shi yake fara sha.